Mikron da Na Zaɓa wa Ƙasan Ganga

Abubuwa da yawa sun fita daga kaina, amma la'asar ɗin da na kori kaina daga shagon Kawu da bakina, ita kam ba zan taɓa mantawa da ita ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar in kama kunnena in murɗe.

Lokacin na buɗe ɗan sitidiyo a nan Tawa, cikin shagon Kawu Illa, yayan mahaifiyata, shagon da ya haɗa bango da masallacin unguwarmu. Kawu ya ba ni shi kyauta bisa sharaɗi guda: kada ya ji kiɗa. Na tabbatar masa wa'azi da tallar rediyo kawai zan riƙa ɗauka. Daga nan na bi bango da tsofaffin katifu da kwalayen ƙwai, na toshe taga, har ya zama in an rufe ƙofa ba ka jin ko hon ɗin kabu-kabu, na waje ma ba ya jin ka. Zafi kam kamar gidan burodi, amma asirina a rufe yake.

Sai ga wasu masu gita daga wajen Takanamat sun zo ɗaukar waƙa. Mai buga masu bateri, wato tarin gangunan nan na zamani, sunansa Agali, dogo, ba ya da yawan magana, amma taurin kai sai ka ce jakin kai taki. Cikin gangunansa akwai wata ƙarama da aka ɗaure wa siraran wayoyi a ƙasa. In an buga ta, su ke ba da "tsar-tsar" ɗin nan. Na sa mata mikro, wato abin ɗaukar sauti, ta sama muka gwada. Agali ya saurara ya girgiza kai, wai gangarsa ta koma bokiti. Na murɗa nan, na rage can, ya sake saurara ya ce yanzu ta koma bokitin da ya huje. Wallahi saura kaɗan in ce ya kwashe komatsansa.

Abin haushin, ni ma na san inda matsalar take. Mikron sama fata kawai yake ji, tsar-tsar ɗin sai an sa wani ta ƙasa. To ni da na ƙarar da kuɗin kati wajen kallon bidiyon Turawa, ai an zo inda nake so. Na jera mikro uku a tabarma na shiga lacca (babu wanda ya tambaye ni). Na farko, babban nan na ɗaukar murya, na ce ya cika tsegumi, zai kwaso har ƙarar takalmin Agali, kuma ba ya shiga tsakanin ƙafafun ganga. Na biyu wani tsoho ne mai waya, kansa duk ya lotsa. Agali ya ce in sa shi mu wuce wurin, tunda motar ƙauye ba ta jiran kowa. Na ƙi. Ta yaya baƙi za su koma gida su ce sun ga wannan gwangwanin a sitidiyona?

Na ukun shi ne ɗan gatan: sabon sanfil, marar waya, ruwan zinari, wanda na saya a kasuwa cikin satin. Na ce masu ƙarƙashin ganga wuri ne matsattse, waya sai ta harɗe ƙafar mai kiɗa. Gaskiyar magana kuwa, so nake a gan shi.

Abin da ban sani ba, 'yan kwamitin masallaci sun sayi irinsa sak wurin ɗan kasuwa guda, kuma masu arahar nan duk a layi ɗaya suke magana. Ladaninmu kuma yana da wata ɗabi'a: sai ya kunna na'urar lasifika tukuna, sannan ya zagaya baya ya yi alwalarsa a natse.

Na kunna mikro, na kwanta rub da ciki ƙarƙashin gangar, ina ta neman tazarar da ta dace da wayoyin. Agali yana ɗan taɓawa a hankali, wai yana jin nauyin maƙwabta. Raina ya ɓaci. Bakina dab da mikro na daka masa tsawa:

"Kai malam, buga da ƙarfi! Ɗakin nan ko aljani bai jin mu. Kawu yana can yana tsammanin wa'azi muke ɗauka, kuma kunnensa ya daɗe da yin nauyi."

Agali ya rufe ido ya saki hannu. Na sa abin sauraro a kunne, sai na ji tsar-tsar ta fito tas, irin wadda ban taɓa samu ba. Har na fara rausaya kai ina ɗaga wa masu gita babban yatsa, su ga aikin gwani.

Haske ne ya fara shigowa. Na waiwaya, ga Kawu tsaye bakin ƙofa da butarsa, ga ladan a bayansa hannu ɗaya jiƙe ɗaya busasshe, ga rabin sahun farko suna leƙe. Na cire abin kunne, sai na ji kiɗan yana zuwa daga waje, daga saman masallaci, yana karaɗe unguwa. Agali kuwa ido rufe yana ta zuba. Na rarrafa na riƙe masa sanda ina cewa ya tsaya don Allah mun shiga uku, ita ma lasifika ta maimaita wa jama'a.

Kawu bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya dubi Agali sama da ƙasa ya ce, "Wanga wane malami na, da ka wa'azi da sanduna?" Sannan ya juyo gare ni. "Kunnen nan mai nauyi ya jiya sarai. In an sallame salla, ka kawo mini makulli."

Haka na bi sahu na yi la'asar tsakanin mutanen da ke ta gyaran murya suna danne dariya. Da yamma na je wurin Inna ta roƙar mini yayanta. Ta ce ba sai na ba ta labari ba, tana tankaɗe a tsakar gida ta ji komai, kuma ba da bakinta ba.

Shago ya tafi, yanzu buhunan albasa ne a ciki. Tsohon mikron nan mai lotsattsen kai na kai wa masallaci na ban haƙuri, domin ladan ya ce shi da sanfil har abada. Da shi yake kiran salla har yau, murya tas, kullum a kunnena.

Ni dai tun daga ranar, kafin in tambayi abin da mikro ke iya ji, sai na fara binciken wa yake kai wa rahoto.