Hoton Farfesan Kumfa

A duk birnin Cork, daga bakin kogi har kan tudu, babu mai gidan giya da ya kai Eustace Mulcahy daraja. Ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa, kuma mutum ne da ba ya ƙarya sai in ya buɗe baki. Idan ya tsaya bayan kanta da 'yar falmararsa mai maɓallan azurfa, ya kama hannun famfon giya, sai ka rantse jirgin ruwa yake tuƙawa. Kofi ɗaya na baƙar giya, sai ya yi maka lacca a kan yadda kumfa ke kwanciya, har maƙogwaronka ya bushe ka manta abin da ya kawo ka. Shi ya sa muke kiransa Farfesan Kumfa. Da ya ji sunan, ya ɗauka digiri ne, har godiya ya yi mana.

Mashayar da yake mulki, Gurgun Doki, ta girmi kakar kakata. Barty Twomey ne ya kafa ta, wani mai keken doki da dokinsa ya gurgunce daidai ƙofar gidan. Da ya ga ba inda za shi, sai ya sauke gangunan giyar da aka ba shi ya kai wani gari, ya fara sayarwa a nan. Masu gangunan har yau suna jira. Ɗansa ya gaje shi, mutumin da ya yi imani ruwan kogi magani ne, don haka ba ya barin kwalbar wuski ta rasa rabonta. Daga baya aka yi Concepta, wadda mijinta ya mutu ya bar mata mashayar, mai fitar da ma'aikatan jirgi masu rigima biyu-biyu, kunne ɗaya a kowane hannu. Na ƙarshensu Dinny Twomey, kurma ne idan matarsa na magana, amma yana jin gulma daga ƙarshen layi.

Hotunansu duk suna jere a bangon saman murhu, hayaƙi ya mai da su kalar shayi. Al'adar gidan kuwa kowane yaro a unguwa ya san ta. Ba a rataye hoton mai gida sai ranar da ya cika. A ranar, kafin a kira Fada daga coci an kira kafinta. Sai unguwa ta taru da baƙaƙen kaya, kowa ya faɗi alheri ɗaya na mamaci kafin ya kai kofi baki.

To ga ciwon Farfesa. Shi ba Twomey ba ne. Darduma yake sayarwa a wani kanti lokacin da ya auri Nuala, 'yar Dinny tilo, kuma bangon nan bai taɓa ɗaukar wani suna ba. Abin da ke hana shi barci ke nan: kada ya rufe ido, Nuala ta rataya kalanda a gurbinsa.

Kuma ya cancanci bangon, in dai aiki ake dubawa. Ya hana waƙa, wai tana tsinka kumfa. Ya hana shigowa da karnuka. Ya kashe wutar murhun da ba ta taɓa mutuwa ba tun zamanin Concepta, ya dasa wata hita ta lantarki mai harshen wuta na ƙarya. Kujerar tsoho Malachy Cronin, wadda ta riga ta ɗauki siffar mazaunansa, ya jefar da ita ya kawo wata mai santsi. Mutane suka riƙa tsallaka titi ɗaya bayan ɗaya zuwa mashayar da ke kallonmu. Farfesa ya ce wannan ba gudu ba ne, tacewa ce. Bayan tacewar, sai ni da ƙawata Dympna muka rage, don gwiwoyinmu ba sa son tsallaka titi, sai kuma 'yan yawon buɗe ido waɗanda ba su san komai ba.

Wata rana ya ɗauko mai zane. Aka zana shi da fenti, hannu a kan famfo, ƙirji a gaba, teku a bayansa, girman hoton ya ninka na Barty sau uku. Nuala ta gaya masa a gabanmu cewa wannan bango na matattu ne.

"Nuala, masoyiya," in ji shi, yana gyara falmara, "tarihi ba ya jiran likita. Waɗannan bayin Allah sun tafi ba su ji yabonsu ba, wannan asara ce. Ni zan zama mai gida na farko da zai halarci girmamawarsa da ƙafafunsa. Al'ada baiwa ce a hannun manyan mutane."

Nuala ta yi masa irin kallon da uwarta ke yi wa kifin da ya kwana, ta koma wanke kofuna.

Ran Alhamis da safe ya kulle ƙofa, ya saki labule don kada a ga hoton kafin bikin buɗewa da ya shirya da yamma. Ya kira Finbarr kafinta ya buga ƙusa, ya rataye. Sannan ya hau bene ya yi wanka ya bi ta kan jawabinsa a gaban madubi. Shi kuwa Finbarr, mutum ne da ke tsimin magana kamar da kuɗi yake saye. Ya tsallaka titi ya jiƙa maƙogwaro, aka tambaye shi daga ina. Ya ce daga Gurgun Doki, ya rataye hoton Eustace. Duk wanda ke wurin ya cire hula. Suka leƙa ta taga, suka ga ƙofa a rufe da rana tsaka, labule a sake. Ba wanda ya ƙara tambaya, Finbarr kuma bai ga dalilin ƙara bayani ba.

Kafin ƙarfe uku unguwa ta cika ƙofar. Ni na san yana da rai, don na jiyo shi ta tagar bene yana gwada murya, amma baƙar rigata ta daɗe ba ta sha iska ba. Nuala ta buɗe, mata suka rungume ta, maza suka riƙa matse mata hannu suna cewa Allah ya ba da haƙuri. Ta amsa da amin, don haƙurin dai tana bukatarsa. Daga baya ta ce babu wanda ya tambaye ta kai tsaye. Aka shigo da burodi da naman alade, da kek, da tukwanen shayi. Rabon gidan da irin wannan taro tun makokin Dinny.

Farfesa ya ji hayaniya ya sauko a hankali, ya laɓe bayan ƙofar matakala da takardarsa, yana murmushi. Ai dama ya san birnin zai zo.

Aka cika kofuna, aka juya ga hoton, lokacin faɗin alheri ya yi. Malachy ne babba, shi zai fara. Ya dubi hoton, ya dubi kofinsa, kumfa na ta sauka. Can ya ce takalman marigayin kullum a goge suke. Aka ce haka ne, haka ne. Na kusa da shi ya yi ta sosa ƙeya, ya ce iya saninsa marigayi bai taɓa cizon kowa ba. Dympna ta ce ya iya zaɓen mata. Daga nan alheri ya ƙare, sauran mutane suka ce su ma sun shaida maganar takalman, suka sha.

Ana cikin haka wani ya zare wayar hitar, ya hura wuta ta gaske. Karen Malachy ya shigo ya miƙe a gabanta kamar bai taɓa barin gidan ba. Wata murya ta ɗauko waƙa daga lungu, ɗakin gaba ɗaya ya karɓa.

Waƙar ce ta fito da shi. Ƙofa ta buɗe, ga mamaci da falmara, yana ƙamshin sabulu. Waƙa ta tsinke a tsakiya. Wata tsohuwa ta yi alamar gicciye, kek a ɗaya hannun. Da wani ne, da kunya ta mayar da shi bene, amma Farfesa ya riga ya haddace jawabi, kuma ba ya asara.

"'Yan'uwana mutanen Cork," in ji shi, "a tsawon tarihin wannan gida mai albarka, an yi masu gida, an kuma yi Mai Gida."

Malachy ya miƙa yatsa ya dangwali hannun rigarsa. Ya juya ya sanar da jama'a cewa da ɗuminsa.

Nuala ta ajiye tsumma ta ce, "Eustace, bangon nan sharaɗinsa ɗaya. Ko hoton ya sauko, ko kai ka cika sharaɗin. Zaɓi, mutane na jira."

Ya dubi hoton, ya dubi taron, na rantse sai da ya yi tunani. Finbarr ya hau kujera ya sauke masa hoton, ya jingina da bango ta baya, ya ce ƙusar dai zai bar ta don kada ya yi zuwa biyu. Mutane suka shanye abin da ke kofunansu, mata suka naɗe ragowar kek ɗinsu, aka mayar da huluna, aka nufi tsallaken titi.

Malachy ne ya fita a ƙarshe, karensa na biye. A bakin ƙofa ya waiwayo cikin ladabi.

"Kada ka yi gaggawa saboda mu, Farfesa. Amma in ta tabbata, a aiko. Ka dai ga ana zuwa."