Tayoyin da Suka Je Wanka Bawku

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kai tayoyi huɗu ƙara Bawku ba. Ni malamin makaranta ne a Yendi, kuma a gidanmu ni ake kira idan wayar wani ta ƙi yin abin da aka sa ta. Wannan ɗan matsayi ne ya kai ni ya baro.

Mahaifinmu yana da tsohuwar mota ƙirar Faransa, wadda ya saya zamanin da yake fataucin goro. A cikinta aka ɗauko mahaifiyarmu daga Salaga tana amarya. Tun rasuwarta motar ke zaune kan bulo a gindin mangwaro, kaji na ƙwai a kujerar baya. Da aka sa ranar auren autarmu Rakiya, kuma mijin ya zama ɗan Salaga, sai Baba ya ce yana so motar da ta kawo uwa ta mayar da 'ya. Bai taɓa roƙonmu komai ba sai wannan, kuma ranar da ya faɗa sai da na shiga ɗaki na share hawaye.

Makaniki ya tada inji cikin sati uku. Taya ce ta gagara, don girman nan an daina kawo shi kasuwa, kuma Baba na son irin na da, masu farin zobe a gefe. Na miƙe a gaban 'yan'uwa na ce a bar min wannan, ai duniya yanzu a tafin hannu take.

Na samo su a intanet, wajen wani mai sayar da kayan tsofaffin motoci a Turai. Kuɗin tayoyin bai tsorata ni ba. Kuɗin dako ne ya sa na zauna. Wani dillali a Bawku mai suna Mumuni ya ce idan aka sauke su a Lome aka hauro ta Togo zai fi sauƙi. Sauƙin kuwa shi ne na biya jirgin ruwa, na biya fito, na biya motar da ta kai su Sinkase a bakin iyakar Togo da Ghana, na biya mai keken da ya tsallako da su boda, sannan na biya motar albasa daga Bawku zuwa Yendi. (Akwai kuma wani kuɗi da Mumuni ya kira na gaisuwa, har yau ban san wa aka gaisar ba.) Babur ɗina ya tafi a wannan hidima. Na gaya wa matata Hajara cewa tafiya a ƙasa na da amfani ga lafiya.

Tayoyin suka iso ranar Juma'a da yamma, amarya kuma Lahadi da safe za ta tashi. Na kulle kaina a ɗakin ajiya na yanke ledar. Zoben da ya kamata ya zama fari, shuɗi ne, kamar an tsoma shi a bula. Na buɗe ta biyu, shuɗiya. Duka huɗun haka. A jikin kowace an manna takarda da rubutun da ban iya karantawa ba, da hoton bokiti da soso. Na ɗauka tallar wani abu ce, na yage na yar.

Hajara ta ce in nuna wa Baba, tunda shi ya san irinsu. Na ce ba zan tsaya gaban tsohon nan da shuɗɗan tayoyi ba bayan alkawarin da na ɗauka, kuma na roƙe ta kada ta gaya wa kowa. Shawarar da na yanke ita ce in mayar wa Mumuni kayansa, ko ya nemo min farare a Sinkase a ranar, ko ya san yadda zai yi da Turawansa. Asabar da asuba aka ɗaure tayoyin a saman lori. Yaron mota ya caje ni kuɗin mutum biyu a kansu, na biya ban nemi ragi ba, don mai gaskiya ba ya ciniki.

La'asar ta yi na isa Bawku, ƙura har cikin kunne. Shagon Mumuni na bakin tasha, tsakanin wata mai shinkafa da wake da rumfar wani tsoho mai faci. Na jera tayoyin a ƙofar shagon na fara jawabi. Na yi magana kan yadda Turawa ke turo mana abin da suka ƙi. Na yi magana kan dillalan da ba su da tsoron Allah. Na lissafa kowace boda da tayoyin suka tsallaka da abin da ta ci. Masu jiran mota suka taru, har wani ya ce lallai malamin nan ya san abin da yake faɗa. Mumuni kuwa sai rantsuwa yake cewa shi ko ledar bai buɗe ba.

Ina tsakiyar bayani kan mulkin mallaka tsohon mai facin ya taso. Bai kalle ni ba. Ya je wajen mai shinkafa ya ari soson da take wanke kwanuka da ruwan kumfarta, ya tsuguna gaban taya ɗaya, ya goga sau uku. Shuɗin ya bi ruwa ya sauka ƙasa. A ƙarƙashinsa ga fari tas.

"Masa," in ji shi, wato maigida, "taya nan bai yi laifi ba. Suna shafa shi ne don fari kar ya yi datti a hanya. Sabulu kawai yake so."

Mai shinkafa ta ce a dawo mata da sosonta idan an gama. Mutumin da ya yabe ni ɗazu ya tambaya ko daga ina na taho, na ce Yendi, sai ya juya yana gaya wa na bayansa, na bayan ma ya gaya wa na bayansa. (Hannuna na sama har lokacin, don ban ƙarasa maganar da na ɗauko ba.) Mumuni ya kawo min kujera da ruwa, kuma wannan kirkin ya fi komai ciwo. Tsohon ya wanke sauran ukun, ya ƙi karɓar ko sisi. A duk tafiyar tayoyin nan daga Turai, shi kaɗai ya taɓa su kyauta.

Motar Yendi ta riga ta tashi. Na kwana a benci a shagon Mumuni, na samu ta Lahadi, na sake biyan kuɗin mutum biyu. Muka shiga gari bayan azahar. An tafi da Rakiya tun hantsi a cikin tasi ta haya, wadda aka rubuta wa "Sai Haƙuri" a gilashin baya.

Na sami Baba zaune a gindin mangwaro kusa da motar. An wanke ta, an kori kajin, an shimfiɗa sabon zani a kujerar baya, tana nan kan bulo. Hajara ta gaya masa komai da ta ga rana na yi. Ya shafa farin zoben da hannu a hankali, ni kuma na gwammace ya zage ni.

"Na auren uwarku ma shuɗɗa suka zo," ya ce. "Ni na wanke su da hannuna. Muna da sabulu a Yendi, Malam."

Bayan wata guda muka kai shi Salaga a motar ya ga ɗakin Rakiya. Ya zauna a baya shi kaɗai, gefen da amarya za ta zauna ba kowa. Tun daga nan, duk abin da ya zo min a leda, kafin in buɗe baki sai na kai wa Baba ya gani. In ba ya nan, in nemi soso.