Yau Ma Ba A Yanke Fuji

"Lafiya lau na kwana, tunda ban yi mafarkinka ba. Shigo mana, ka tsaya a ƙofa kamar mai tallan tukunya."

"Ina kwana kawai na ce, Kaka. Daga gaisuwa sai cizo?"

Tsohuwa Tsuyako tana zaune a baranda, ta naɗe ƙafa a kan ɗan matashinta, ko kallon jikan nata Shinpei ba ta yi ba. Idonta na kan rumfa. Ba laifinta ba ne kuma. Bishiyar fuji ce guda ɗaya tal, kakan mijinta ya dasa, amma ta yi yaɗo ta rufe rumfar gora da mota ashirin za su fake a ƙarƙashinta. Furanni shunayya sun zubo zangarniya zangarniya, sai mutum ya sunkuya yake wucewa. Shekara sittin da biyu ke nan da aka kawo Tsuyako gidan nan amarya, ba ta taɓa ganin irin na bana ba. Mutane sun zo kallo daga garuruwan Yame da Kurume, har daga birnin Fukuoka, kuma duk wanda ya zo sai ta sa shi ya maimaita yabon, wai kunnenta bai ji da kyau ba.

Sai dai kowa a ƙauyen ya san ƙa'ida. Kafin fure ya gama yaushi ake yanke shi kakaf. In aka bar shi, 'ya'ya yake yi dogaye kamar wake, su zuƙe ƙarfin bishiyar, baɗi a samu fure ɗan tsurut. A gidan nan kuwa ba mai sa almakashi sai tsohuwa ta yanke na farko da hannunta. Bana ta ƙi. Da hunturu ta yi wata guda a asibiti da ciwon zuciya, kuma tun daga can ta ƙulla a ranta cewa in wannan ne furenta na ƙarshe, to sai ta ga faɗuwar ƙwayar ƙarshe. Tsoro ne, ta san tsoro ne, amma ta gwammace ta haɗiye harshenta da ta faɗa wa wannan ƙaton da ta goya.

Shinpei ya ajiye ɗaurin ƙyalle a gabanta, ya kwance. "Ga almakashinki. Shekaranjiya kin ce ba kaifi. Na bar tsinkar ganyen shayi, na kai wa mai washi. Yanzu ko gashin gemu yana askewa."

"Gemun wa? Naka da ya fito layi uku ya gaji?" Ta ɗaga almakashin ta duba da ido ɗaya. "Ya yi kaifi da yawa. Mayar masa ya rage."

"Tabɗi! Shekarata talatin ban taɓa jin an mayar da almakashi a rage masa kaifi ba."

"Abin da ba ka ji ba ai ya fi gonar shayinka faɗi."

"Jiya kuma kin ce kalanda ta nuna ranar rashin sa'a. Na yarda. Yau fa? Ina kalandar? Na ga ƙusa kawai a bango."

"Ɓera ya ci."

"Ɓeran da ya iya karatu, ya ga yau ce ranar babbar sa'a? Tashi in ga ƙarƙashin matashin nan."

"Taɓa ni ka gani. Ni da matashin nan mutu-ka-raba."

Shinpei ya zauna a gefen baranda, ya jawo farantin wainar shinkafarta gabansa ba tare da an ce masa ga shi ba. Ta kai masa duka da mafici, ya kauce.

"Ci, ci. Dama tsanin gidan nan kuka yake in ya hango ka. Bara da ka hau, sai da na ba shi haƙuri."

"Ba komai. Ni dai na san furen bana nawa ne."

Nan fa ta juyo gaba ɗaya. "Na wa?"

"Nawa. Wa ya ɗauko dusar giyar shinkafa buhu-buhu cikin sanyin nan ya binne mata a gindi? Wa ya rage rassa? Ke kina kwance kina zagin abincin asibiti."

"Kai jaki ne kawai, ni ce mai kaya. Ba ni ke faɗa maka ta waya ba, yanke nan, bar can? Da don kai ne, da ka datse idon fure ka bar na ganye, yau da inuwa kawai muke sha."

"Ni dai bishiya ta gan ni ta yi murna. Shekara sittin tana jin masifa, ta samu hutun wata guda, ga sakamako nan."

"Murnar dawowata ta yi, sakarai! Ranar da aka sallamo ni na tsaya a nan na ce, to, ga ni. Kafin mako toho ya fito. Je ka auna waccan zangarniyar ta tsakiya. Ta fi ni tsawo da taƙi guda."

"Yo, Kaka, ai ko kabeji ya samu taki sai ya fi ki tsawo."

"Gajeruwa ce ta haifi ubanka. Kai da tsawon me ka tsinana? Ba kai ne baƙaƙen ƙudan zuman nan suka kora ka faɗa tafkin kifi ba? Ka fito da ganye a ka kana ihu, Kaka, Kaka!"

"Ina shekara tara fa."

"Kifayen ba su manta ba. Har yau in sun gan ka buɗe baki suke suna dariya."

Iska ta ɗan kaɗa. Ƙwayoyin fure suka zubo a kan dutsen hanya, da yawa, fiye da na jiya. Dukansu sun gani. Tsuyako ta ɗauke kai ta kama gyaran hannun rigarta.

Shinpei ya ce, "Saman zangarniyoyin ya fara koɗewa. Jiya na ga 'ya'ya biyu a reshen gabas. Kwana uku in muka ƙara, baɗi fure iya tsawon yatsa za mu samu. Motoci su zo daga Kurume, mutane su sauko su ce, af, ashe fujin Tsuyako ta tsufa tare da mai ita."

"Wa ya isa ya faɗa?"

"Tsohuwa Kameyo ta tsallaken kogi ce za ta fara. Za ta zo da sandarta ta ce, sannu Tsuyako, wannan fure ne ko gashin baki?"

"Kameyo! Wadda tata bishiyar ke cikin tukunya? In ta shigo lambun nan sai ta cire takalmi tun daga gada."

"To baɗi ita za ta yi dariya."

"Baɗi, baɗi. Wa ya ce maka ina nan baɗi?"

Maganar ta fita kafin ta kama ta. Ta ji haushin kanta har wuya. Shinpei ya tsaya da waina a hannu, bai kai baki ba. Ba a jin komai sai gunjin zuma a cikin furanni. Ta jira ya fara lallashi, irin na 'ya'yanta da ke sa ta ji kamar an riga an shimfiɗe ta.

Sai ya jefa wainar a baki, ya tauna a tsanake. "To madalla. Dama abin da nake jira ke nan."

"Me ka ce?"

"In ba kya nan, allo zan sa a rubuta, babba, a kafa a bakin hanya: Fujin Shinpei. Duk wanda ya zo in ce masa ni na dasa."

"Ka dasa bishiyar da ta girmi kakanka?"

"Baƙi ba su sani ba. In sun tambaya ko akwai wata tsohuwa da can, in ce e, akwai wata 'yar ƙarama da ke share mini ganye. Kameyo zan ɗauko ta zauna a kan matashin nan tana karɓar gaisuwa. Ita kuma za ta riƙa yanke na farko."

"A kan matashina?"

"Wa zai hana? Ke dai kin ce ba kya nan."

Tsuyako ta dube shi. Bakinsa na murmushi, amma idonsa ya yi ja, yana ta ƙiftawa kamar wanda hayaƙi ya shiga masa. Dariya ta taso mata tun daga ciki, ta yi ta yi har sai da ta dafa ƙirji, shi kuma ya zabura zai riƙe ta, ta buge masa hannu.

"Sake ni, ɓarawon bishiya! Ba ni sandata."

Ta ɗauki almakashi ta sauka a hankali, taku ɗaya bayan ɗaya, furanni na shafar kanta har tsakiyar rumfa. A gaban doguwar nan ta tsaya. Ta daɗe tana kallonta, daga sama har ƙasa, kuma a ranta ta yarda cewa duk ƙasar nan ba wadda ta reni irinta. Hannunta bai kai ba. Shinpei ya jawo mata reshen ƙasa.

Ƙat!

Zangarniyar ta faɗo a hannunta, da nauyi, da sanyin raɓa. Ta ce ya sunkuyo, ta rataya masa ita a wuya, ta sauko masa har ƙugu ta kowane gefe.

"Na bana ke nan, ɗauka, na ba ka kyauta, ka je ka yi ta ƙarya da shi. Na baɗi kuwa sai ka zo ka durƙusa a gabana ka roƙa."

"Ki ba ni?"

"In ga dama. Ɗauko tsani, rana na yi."