Rasuwar Beryl a Ƙofar Gidan Soyayyiyar Kaza

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da hanji mai kukan maraici, Merv Tregenza na garin Mildura yake sanar da 'yan uwa da abokan hanya rasuwar Beryl, tirelarsa ta tafi-da-gidanka mai ɗakin kwana da kicin, wadda rai ya yi wa halinsa ranar Talata da rana tsaka a Port Augusta, ba tare da doguwar jinya ba.

Marigayiya ta shigo gidan ne a shekarar da Merv ya yi ritaya, shekarar da likita ya raba shi da gishiri da maiƙo, matarsa Glenys kuma ta riƙe maganar kamar hukuncin kotu. Tun daga nan kabewa da kabeji dafaffu a ruwa zalla suka zama rabonsa a gida. Beryl ce ta share masa hawaye. Da sanyi ya kunno kai sai ya ɗaura ta a bayan mota, su bi ayarin tsofaffi masu gudun sanyi har garin Darwin mai ɗumi.

Duk wanda ya san ta zai shaide ta da haƙuri. Ta sha jar ƙasa da gargada, ta taɓa yin karo da naman dajin nan kangaru ta yafe masa, ba a taɓa jin komai daga bakinta ba sai "ƙiii, ƙaƙas" in an sha kwana. Amma babban halinta shi ne rufin asiri. Murhun gas ɗinta na da wata lalura mai ban tausayi, wadda ba ta tashi sai an doshi gari mai gidan abinci. Merv zai zagaya baya, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can, ya dawo yana girgiza kai.

"Ciwon ya motsa, Glen. Ba yadda muka iya, sai dai mu ci a waje."

Haka zai zauna gaban gasasshen naman da ya fi faranti faɗi, yana ci yana ɓata rai saboda kara.

A tafiyar ƙarshe Glenys ta dafo kabewarta tun daga gida ta cika kula, don haka lalurar ba ta yi amfani ba. Ranar da abin zai faru, gyangyaɗi ya ɗauke ta a kujerar gaba. Merv ya hango gidan kazar nan da ake miƙo wa mutum ta taga yana cikin mota. Ƙamshi ya mantar da shi tsawon Beryl, ya mantar da shi ƙarfen da aka gitta a saman mashiga. Mota ta wuce lafiya. Kalmar marigayiya ta ƙarshe ita ce "ƙuuu, ƙararaf," rufinta ya naɗe baya kamar gwangwanin kifi.

Glenys ta farka ta ga katifarsu a titi, ga yarinyar taga riƙe da leda, baki buɗe.

"Baba, har da ƙarin dankalin?" yarinyar ta tambayi Merv.

"Ba shi, 'yata," in ji Glenys. "Na bankwana ne."

Surukinsu Darryl, bakanike, shi ya duba gawar, kuma bai iya bakinsa ba. "Mama, rufi kam ya tafi. Amma murhun nan garau yake, wani ne dai ke rufe gas ɗin ta baya." Glenys ta juyo a hankali ta ƙura wa Merv ido.

Marigayiya ta bar mota guda mai ƙugiya babu abin ja, da kujerun naɗewa, da tayar safaya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da murhun da ya warke rana ɗaya. Ta kuma bar Merv, wanda kukansa na gaske ne, don an riga an shaida masa ba za a maye gurbinta ba, kuma inda take fakawa za a yi shukar kabewa.

Za a raka ta wurin 'yan gwangwan ranar Asabar da safe. Ana karɓar gaisuwa a gida, Glenys ce za ta ciyar da jama'a, don haka kowa ya ƙoshi kafin ya zo. Masu son ganin Merv shi kaɗai su bi ta ƙofar baya zuwa gareji. Wanda ya riƙo wani abu mai maiƙo ya naɗe shi da kyau, ya kuma lura da inda iska ke kaɗawa.