Yadda Za Ka Ɗora Shafinka a Gajimare Ya Jira Surukinka Ya Gama Gaisuwa

Yanzu ƙarfe goma na safe, ruwan da ya sauko tun asuba ya ɗan tsagaita, kwatocin unguwarmu Moshi Zango sai gudu suke yi. Lokacin koyon aiki ke nan, tunda ba inda za ka. Ni ban yi nisa a boko ba, amma wata uku na yi ina zaune kusa da abokina Mutaru yana wannan aiki, kuma ba abin da ya wuce ni. Ka bi matakan nan yadda na jera su. Na yi maka alkawari shafinka zai hau intanet, kuma za a ba ka mata.

1. Ka samo dalili

Dalilin Mutaru sunanta Hikima. Babanta, Alhaji Idirisu mai shagon kayan mota a Suame, ya ce ba zai saurari manyan Mutaru ba sai ya ga sana'arsa da idonsa. Ya ce makaniki yana da baƙin mai a riga, tela yana da keke, shi kuwa wannan kullum yana zaune yana kallon gilashi. Sai Mutaru ya yi alkawarin shafin da in ka rubuta sunan mota, zai nuna maka kayanta da ke shagon Alhaji.

2. Kada ka fara daga ƙasa

Akwai ƙwarangwal ɗin shafi da wasu bayin Allah suka ƙera suka bari kyauta. Ka ɗauko ka lulluɓa masa naka. Haka ake haɗa motar hayar nan torotoro a Suame: jikin na wani, injin na wani, rubutun baya ne kawai na mai ita.

3. Ka san mene ne gajimare

Shafin yana aiki a kwamfutarka, amma kai kaɗai ke ganinsa. Dole ka ɗora shi a gajimare. Ba wanda ya jiƙa mana katifa jiya ba. Kwamfutar wani ce a wata ƙasa, a ɗaki mai sanyi inda ba a ɗauke wuta. Mutaru ya yi wa kakarsa wannan bayani, ta ce to ai ɗakin haya ne, a daina yi masa kirari.

4. Ka haɗa masa kaya kamar mai tafiya

Ka rubuta duk abin da shafin ke bukata a fayil ɗaya. Ka zare kalmar sirri ka ajiye ta daban. Ka kashe makunnin da ke nuna wa baƙi kurakuranka. Sannan ka tura. Baƙin allo zai yi ta zubo rubutu. In ka ga ja, ka je ka sha koko ka dawo. Mutaru ya sha koko sau goma sha ɗaya.

5. Ka zaɓi ɗakin kyauta

Yana da hali ɗaya. In aka yi minti goma sha biyar ba wanda ya leƙa shafin, sai ya yi barci. Wanda ya zo bayan nan zai yi wajen minti guda yana kallon farin allo. Maganinsa da sauƙi: ka tashe shi kafin ka nuna.

6. Ka sa gaisuwa a cikin tsari

Nan Mutaru ya zame. Ya tashe shafin a ƙofar gidan Alhaji, ya sa wayar a aljihu, ya cire takalmi, ya durƙusa. Alhaji ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwa. Ya tambayi kakar Mutaru da ƙafarta, da ƙanen babansa da ke Tamale, da wata gwaggo da ta rasu bara, aka tsaya aka yi mata addu'a. Aka kawo ruwan sha. Aka sake gaisawa, don ta farko ta kan hanya ce. Da Mutaru ya miƙa wayar, allon fari fat.

"Me yake yi?" in ji Alhaji.

"Barci yake, Baba. Yanzu zai tashi."

"Da hantsin nan?"

Ya mayar masa da wayar tun shafin bai buɗe ido ba. Ya ce duk wanda ya kama yana barci da hantsi a shagonsa, gida yake tafiya. Amma saboda darajar kakar Mutaru, ya dawo ranar Juma'a bayan masallaci, sau ɗaya tak.

7. Abubuwan da ba za ka gwada ba

Kada ka rage gaisuwa. Shafi zai tashi, aure zai kwanta. Kada ka sa hannu a aljihu a gaban babba, za a gani. Mutaru ya so Hikima ta riƙa leƙa shafin daga cikin gida, ya yi mata bayani dalla-dalla a waya, ta ce ranar tana aiki a asibiti, kuma ba a riƙe waya a ɗakin da take. Ni kuma ni ne ɗan rakiya, hannayena biyu suna kan gwiwa inda kowa ke gani.

8. Ka je kawai

Ranar Juma'a muka tarar da wan Alhaji, Malam Sanni na Buokrom, ya zo. Kunnensa ya yi nauyi, don haka kowace gaisuwa sau biyu ake yin ta. Minti arba'in muka yi a durƙushe. Mutaru ya miƙa wayar yana kallon tabarma.

Shafin ya buɗe nan take. Alhaji ya sa tabarau, ya rubuta sunan wata tsohuwar mota da yatsa ɗaya, birkinta ya fito har da hoto. Ya gwada wata, ya gwada ta uku. Sannan ya cire tabarau.

"Wannan hoton a karkace yake," ya ce. "Ka gaya wa baffanka ya zo ranar Lahadi."

Gargaɗi

In ka bi matakan nan shafinka ya yi barci, ko surukinka ya fi Alhaji dogon numfashi, ko aka ba ka matar ka ga ba haka ka zata ba, babu hannuna. Ban san ka ba, kuma ba kullum nake gida ba.

Kada kuma ka tambaye ni mataki na tara, don ba a koyar da shi. Da na fito neman takalmina ranar Juma'ar nan, na bi ta bakin madafi. Mma Salamatu, mahaifiyar Hikima, wadda ba ta karanta boko ko harafi ɗaya, tana tuƙa tuwo da hannu ɗaya. Ta jingina tsohuwar wayar 'yarta da turmi, shafin Mutaru a buɗe a kanta. Ta goge yatsa a zane, ta danna inda aka nuna mata, ta koma kan muciya. Da ta gan ni, sai ta kife wayar, ta ce in gaya musu abinci ya kusa.

Har yau Mutaru cewa yake yi shi ya gyara wani abu a fayil. Na ce masa haka ne.