Garin Fulawa a Zaman Makoki

Ba zan taɓa mantawa da zaman makokin nan na Kiyawa ba, ko da yake ba zan rantse cewa komai ya zauna a kaina daidai ba. Wanda kunya ta rufe bai cika lura da abin da ya zo kafin wani ba.

Tun ina jami'a nake fama da larurar fargaba. In na shiga taro, hayaniya da zafi da ƙamshin turare sukan taru su danne ni, ƙirjina ya hau bugawa, numfashi ya yi wuya. Wata likita a Dutse ta ba ni shawarar in riƙa matsa 'yar ƙwallon roba a hannu ina daidaita numfashi. Ta ja kunnena in nemi mai ƙwari, wadda ba ta fashewa. Tawa ta ɓata (ina zaton a adaidaita sahu na bar ta), sai na ɗura garin fulawa a balan-balan na ƙulle bakin. A ganina na yi dabara.

A kwanakin ne mahaifin Hauwa'u, wadda nake nema, ya rasu. Maganar aurenmu ta koma hannun baffanta, Malam Sule, wanda na ji an ce ya taɓa tambaya ko lafiyata ƙalau, don ya lura ba na daɗewa cikin mutane. Ban taɓa faɗa wa kowa a gidan larurata ba. Ina tsoron a sa mata wani suna, a ce an fasa auren.

Abokina Nura ya ɗauke ni a mashin daga Yalwawa. Muka tarar ƙofar gidan cike, tabarma har bakin hanya, aka matsa mana kusa da Malam. Can na ji abin ya fara taso mini. Na zura hannuwa ƙarƙashin babbar riga ina matsa balan-balan, daga wannan hannu zuwa wancan. Na ji ta yi laushi fiye da kullum, amma hankalina yana kan numfashi.

Sai wasu baƙi suka iso, ɗayansu ya ce a yi wa mamaci addu'a. Na ɗaga hannu tare da kowa, idona a rufe. Aka ce Fatiha. Na shafa a fuska, har gemu, shafawa mai kyau irin ta mai son a shaide shi.

Da na buɗe ido, wurin ya yi tsit. Nura ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. "Kai, ango," ya ce a hankali, "wa ya jefa ka a buhu?"

Ashe balan-balan ta fashe, fulawa na shafe fuskata da ita. Babu wanda ya yi dariya a fili, kuma wannan ya fi mini ciwo. Mutane sun zo da hawaye, ni na sa su danne dariya.

Malam Sule ya ɗauki buta ya ce, "Taso, ɗana." A zaure ya zuba mini ruwa na wanke. Na ce, "Allah gafarta Malam, wata larura ce da ni." Na faɗa masa komai, ina jiran hukunci.

 Sai ya buɗe tafin hannunsa na hagu: ƙwallayen dabino ne, sun yi sumul saboda murza.

"Tun da aka fito da gawar yayana ban ajiye su ba," ya ce. "Ciwo ba abin ɓoyo ba ne. Ka ci gaba da ganin likitarka. Amma ka bar wa mata fulawarsu."

Ba a fasa ba. Yanzu ƙwallon roba nake riƙewa, nakan duba ta kafin in fita, ba na barin ta inda jaririnmu zai kai baki, kuma nakan leƙa tafin hannuna kafin kowace Fatiha.

Nura ya dage cewa har hular limamin da ke gefena ta samu rabonta. Ni ban gani ba. Duk wanda ya zauna a tabarmar nan ranar, don Allah ya aiko mini da gyara, amma a hankali.