Tukunyar Tattasai da Ƙuri'ar 'Yata

Jama'a, yau da ƙunar hannu nake muku rubutu, ga kuma kunya wadda ta fi ƙunar zafi.

Wata biyu ina cika muku kunne a wannan fili: ku fita ranar Lahadi ku jefa ƙuri'ar gyaran tsarin mulki. Majalisa ta samu bakin magana, ta daina ɗaga hannu kamar 'yan firamare, 'ya'yanmu da ke ci-rani a waje kuma su riƙa zaɓe ta gidan waya. 'Yata Radojka shekara tara tana jinyar tsofaffi a Jamus, ko kansila ba ta taɓa zaɓa ba. Sharaɗin ɗaya ne: in rabin masu rajista ba su fito ba, gyaran ya mutu.

Allah ya ƙara wa Masu Girma basira! Duk Lahadin da ke cikin shekara, sai suka zaɓi wadda kowa ke gasa tattasai yana dafa ajvar, miyar tattasan da muke ɗurawa a kwalabe don hunturu. Tukunyar nan kuwa awa huɗu ake juya ta, ka ɗauke hannu ta kama.

Na leƙa ta katanga na ga maƙwabcina Zivko yana zufa.

"Zivko, ba za ka je ba?"

"In je, wa zai juya? Tsarin mulkin?"

"Kawo muciyar, matsoraci. Jeka ka dawo."

Ya je, ya dawo, ya tsiyayo mini ƙaramin kofi na rakija, barasarsa ta gida, wai godiya. Daga nan wata maƙwabciyar, Inna Borka, ta kira ni in riƙe mata tata. Sai mai aski. Sai matar direba. Gida bakwai na riƙe wa tukunya, kowane gida da kofinsa, ni kuma ina ta wa'azi a kan 'yancin ɗan ƙasa. Matata Dobrila ta wuce da katin zaɓenta a hannu, ta ce, "Malam sarkin surutu, kai fa?" Na ce jagora a ƙarshe yake shiga.

Na ɗan jingina da bishiya in huta. Da na farka, an rufe rumfar zaɓe da minti ashirin, hannuna kuma a jikin murhu.

Ba a kai rabi ba. Masu Girma sun fito a talabijin suna jimami, bakinsu har kunne.

Da safe Radojka ta bugo waya.

"Baba, aƙalla kai ka yi naka. Na gode."

Na ce, "Na ba direban bas kwalba shida na ajvar ya kawo miki."

Uwarta ce ta haife ta, ta gane.

"Ba ka je ba ke nan."

"Tattasan bana ya yi zaƙi, 'yata."

Ta ce to, a gaida Mama, ta kashe. Wanda ya san inda ake sayar da bakin yi wa gwamnati faɗa, don Allah ya sanar da ni, nawa ya lalace.